Wi-Fi yana aiki a Debian, ya ƙi a Trisquel: mene ne ainihin abin da ake gardama a kai?

Malam Nasiru (Gwale)

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman haske daga waɗanda suka san Linux ciki da waje.

Akwai laftof na hannu guda goma sha biyu a wata cibiyar koyar da kwamfuta a nan Gwale: ThinkPad T430 guda biyar, Dell Latitude E6430 guda huɗu, sai HP EliteBook 840 G3 guda uku. Tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya cika sharaɗin Windows 11, shawara ta tsaya a kan a mayar da su Linux gaba ɗaya. An gwada nau'in Linux iri biyu daga filash, Trisquel da Debian. Da Trisquel allo da madannai da sauti duk lafiya lau, amma Wi-Fi ko alamarsa babu. Da Debian kuwa, ThinkPad da HP sun ga netwok tun ana tsakar ɗorawa, biyu daga cikin Dell sun gani, biyu sun ƙi.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ce-ce-ku-cen da ke bin wannan. Wasu na cewa Debian ta sayar da aƙidarta tun ranar da ta sa rufaffiyar manhaja a faifan ɗorawa. Wasu na cewa Trisquel taurin kai ne kawai, kwamfutar da ba ta hawa intanet ba ta da wani amfani. Ni ɗalibai za a zaunar a gaban injinan nan, ina so a gaya musu gaskiyar abin da ke ciki. Mene ne Debian ta sa wanda Trisquel ta ƙi sawa? Yana da haɗari? Dell biyun nan kuma me ya hana su? Allah ya saka da alheri.

Injiniya Hadiza (Zoo Road)

Wa alaikumus salam Malam Nasiru. Kafin a shiga gardamar sai an raba abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa, domin nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai famwaya. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban masu fulashin a Farm Centre ya san akwai fayil da ake ɗura wa waya kafin ta farfaɗo. To katin Wi-Fi ma 'yar ƙaramar kwamfuta ce mai furosesa nata na kanta, ita ma tana buƙatar nata fayil. A da kamfani kan ƙona shi cikin cif tun daga masana'anta. Daga baya suka ga cire wannan ma'ajiyar ya fi musu araha, sai aka bar wa babbar manhaja aikin miƙa wa katin fayil ɗinsa duk lokacin da aka kunna inji. Fayilolin suna zaune a /lib/firmware. Kanel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhajar da ke sarrafa ƙarfen injin, ba ya gudanar da su da kansa, ɗauka yake ya miƙa, katin ne ke aiki da su. Intel ta yarda a rarraba nata kyauta, amma ba ta saki tushen rubutun ba, saboda haka babu mai iya karantawa balle gyarawa.

Sai direba, manhajar da ke haɗa kanel da kati, wanda shi a cikin kanel yake gudana, da iko a kan dukan injin. Direban katin Intel, iwlwifi, 'yantacce ne, wato tushensa a buɗe yake ga kowa ya karanta ya gyara. Na Nvidia da wl na Broadcom rufaffu ne, kuma su ne suka fi kawo ciwon kai. Na uku manhajojin sama irin su Chrome da Zoom, waɗannan kai ke zaɓar ka sa ko ka bari.

T430 galibi da katin Intel 6205 take zuwa, 840 G3 kuma da Intel 8260. Direbansu yana nan a Debian, yana nan a Trisquel. Fayil ɗin famwayar ne Trisquel ba ta ɗauke da shi. Ko ka kwafo shi daga wani wuri ka zuba a /lib/firmware ba zai yi ba, domin Trisquel da kanel ɗin Linux-libre take aiki, wanda da gangan aka toshe masa hanyar loda irin waɗannan fayiloli. Ba lalacewa ba ce, haka aka gina shi.

Ita Debian, Ian Murdock ne ya kafa ta a 1993, a 1997 ta rubuta alkawarinta ga al'umma tare da ƙa'idojin abin da za ta kira 'yantacce. Rumbunta kashi-kashi ne: main na 'yantattu zalla, contrib na 'yantattun da suka dogara da rufaffe, sai non-free. A Debian 6, cikin 2011, ta tsame rufaffiyar famwaya daga kanel ɗinta kakaf. Shekara da shekaru aka zauna da faifai iri biyu, na hukuma marar famwaya da wani na gefe mai ɗauke da ita. Sabon shiga sai ya sauke na hukuma, Wi-Fi ya ƙi, laftof ɗin kuma babu ramin kebul, ga abin da zai gyara matsalar yana intanet ɗin da ba ya iya hawa. Gaba kura baya sayaki. A 2022 Steve McIntyre, ɗaya daga masu haɗa faifan Debian, ya ta da maganar, aka kai ta ƙuri'a. Tunda taɓa alkawarin yana buƙatar rinjayen uku bisa ɗaya, ba ƙaramin abu aka yanke ba a watan Oktoban shekarar: faifai ɗaya na hukuma, da famwaya a ciki, da sabon sashe mai suna non-free-firmware. Debian 12 ta fito da wannan tsari ranar 10 ga Yuni 2023, Debian 13 ta biyo baya a Agustan 2025.

Ka lura da iyakar da aka sa. Famwaya kaɗai aka shigar. Direban Nvidia da wl suna nan a non-free, ba a kunna maka su sai ka nema.

Ga yadda za ka ga abin da ke cikin kowane inji. A tagar umarni:

lspci -nnk | grep -iA3 net

Zai nuna sunan katin, lambarsa, da direban da ke riƙe da shi. Sannan:

sudo dmesg | grep -i firmware

Duk layin da ya ce ya kasa loda wani fayil, sunan fayil ɗin ne zai kai ka ga ƙunshin da za ka ɗora: firmware-iwlwifi na Intel, firmware-realtek, firmware-atheros, firmware-amd-graphics. Wani ƙorafin ba ya hana aiki, misali katin kebul na Realtek yakan yi kukan rtl_nic amma ya ci gaba da tafiya. Idan kana so ka ƙirga rufaffun abubuwan da suka shiga injin, ɗora check-dfsg-status ka gudanar da shi, zai jero maka su. Wanda kuma ba ya son famwayar ko kaɗan, ya ƙara firmware=never a layin tayar da faifan ɗorawa, Debian ba za ta taɓa ta ba. Shawarata ga ajin ɗalibai: Debian da main da non-free-firmware, a bar contrib da non-free a rufe sai inda ya zama dole.

Alhaji Bashir (Fagge)

Injiniya, Allah ya ƙara basira, bayanin ya fita. Sai dai ba na so Malam Nasiru ya tashi da tunanin cewa masu Trisquel rigima kawai suke nema. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma ya kamata ɗalibai su ji ta daga bakin wanda ya yarda da ita.

Richard Stallman ya sanar da aikin GNU na gina 'yantacciyar babbar manhaja a 1983, ya kafa gidauniyar FSF mai fafutukar 'yancin manhaja a 1985, tun kafin Linus Torvalds ya fara kanel ɗinsa a 1991. Maganar tun asali ba ta kuɗi ba ce. 'Yanci huɗu ne, ana ƙirga su daga sifili: ka yi amfani da manhaja yadda kake so, ka karanta tushenta ka canza, ka ba wani kwafi, ka rarraba gyaran da ka yi. Famwayar Intel guda biyu kawai ta ba ka cikin huɗun, amfani da kwafi. Karatu da gyara babu.

Ana cewa ai a cikin katin take gudana, ba a kanel ba. Gaskiya ne, amma katin da ke kan layin PCI Express yana iya taɓa ƙwaƙwalwar injin kai tsaye, kuma duk abin da ya shiga ko ya fita ta intanet ta hannunsa yake bi. A 2017 an bankaɗo wata ɓaraka a famwayar Wi-Fi ta Broadcom, wadda aka yi wa laƙabi da Broadpwn, ta shafi wayoyin Android da iPhone masu ɗimbin yawa, ana iya shiga waya ta iska ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. Wayoyin da kamfanoninsu ke kula da su sun samu gyara. Waɗanda aka riga aka yi watsi da su haka suka ci gaba da yawo. To kayan da ke zuwa mana Kano ai mafi yawansu na wannan rukuni ne, inji mai shekara goma ko fiye, kamfanin ya daɗe da juya masa baya. Da tushen a buɗe yake, wani zai iya gyarawa, ko a Jami'ar Bayero ne. Tunda a rufe yake, sai dai ido.

Hujja ta biyu ta ciniki ce. Duk lokacin da babban rumbu ya karɓi rufaffen fayil cikin sauƙi, kamfani ba shi da dalilin buɗewa. Famwayar cif ɗin Atheros AR9271 a rufe take da farko, a 2013 aka saki tushenta, kuma masu neman kayan da ke aiki da 'yantacciyar manhaja suna cikin waɗanda suka matsa. Yau a sashen main na Debian take, da sunan firmware-ath9k-htc. Da kowa ya ce da babu gara ba daɗi ya yi shiru, da har yanzu a rufe take.

Ita FSF ko kafin ƙuri'ar 2022 ba ta sa Debian a jerin waɗanda ta amince da su ba, saboda Debian na riƙe da rumbun non-free a sabobinta, tana kuma nuna wa mutane hanyarsa. Jerin ya ƙunshi irin su Trisquel, Parabola, PureOS da Guix. Trisquel daga Sifaniya take, a kan Ubuntu mai dogon tallafi ake gina ta, ta 11 ta fito a 2023.

Ba zan ɓoye inda ake kama mu ba. Ƙa'idar FSF ta ce idan famwaya a ƙone take cikin cif, ba a sabunta ta, to a ɗauke ta kamar ɓangaren ƙarfen. Masu suka na cewa fayil ɗaya ne, in yana ɓoye an yafe, in ya fito fili an haramta. Amsarmu ita ce abin da kamfani ke iya canzawa kai mai inji ba ka iyawa, iko ne a kanka, wanda kuma babu mai iya canza shi ya zama kamar kowace waya da ke kan bod. Na san amsar ba ta gamsar da kowa. Sannan T430 ɗin nan, ko da Trisquel a kai, BIOS ɗinta, manhajar da ke tayar da inji, rufaffe ne, ga Management Engine na Intel, wani ƙaramin furosesa mai rufaffiyar famwaya, yana aiki a ƙarƙashi. Tsofaffin ThinkPad irin su X200 da T400 ne ake iya maye musu BIOS da Libreboot, a kuma cire Management Engine gaba ɗaya.

Roƙona Malam Nasiru, ko guda biyu ne ka ware ka sa musu Trisquel da katin da ya dace, yara su gani da idonsu cewa abin yana yiwuwa.

Usman Mai Gyara (Beirut Road)

Gaisuwa ga Alhaji da Injiniya. Ni ta ɓangaren ƙarfe zan shigo, don a nan ake yawan asarar kuɗi.

Malam, Dell ɗinka suna ɗaya amma katinsu ba ɗaya ba ne. E6430 takan zo da Intel, takan zo da Broadcom. Biyun da suka ƙi, duba da umarnin da Injiniya ta bayar, ina kyautata zaton BCM43228 za ka gani, wanda Dell ke kira DW1540. Famwayar da b43, 'yantaccen direban katunan Broadcom, ke nema ba a yarda a rarraba ta ba, shi ya sa ba ta cikin faifan Debian ko bayan ƙuri'ar. Hanya biyu ce ta manhaja. Ko firmware-b43-installer daga contrib, wanda sai ya hau intanet ya ciro fayil ɗin, ko broadcom-sta-dkms daga non-free, wato direban wl. Duk biyun sai da netwok. Sa kebul, ko ka jona wayar Android da USB ka kunna rabon data ta waya, wannan ba ya buƙatar wani rufaffen fayil.

In ka bi ta wl, fara ɗora linux-headers-amd64, in ba haka ba ginin direban zai faɗi shiru, ka tayar da inji ka ga ba Wi-Fi. Duk sabon kanel sai an sake gina shi, ranar da ya ƙi ginuwa ranar ce netwok zai ɓace. In Secure Boot, tsarin da ke hana loda direban da ba a sa wa hannu ba, a kunne yake, kanel zai ƙi karɓar direban sai ka shigar da makulli da mokutil --import /var/lib/dkms/mok.pub, ka sake tayarwa, ka amince a shuɗin allon da zai fito. Kada ka haɗa wl da b43 a inji ɗaya, suna hana juna aiki. Bayan ka ɗora, duba /proc/sys/kernel/tainted, za ka ga ba sifili ba ne, alamar rufaffen abu ya shiga kanel, kuma masu kula da kanel ba sa bin ƙorafin irin wannan inji.

Ni dai canza katin ya fi min. Murfin ƙasa, noti ɗaya, wayoyin eriya biyu, fara da baƙa. Cire batir tukuna. Kan wayar eriyar siriri ne, ɗaga shi sama a miƙe, in ka murɗa sai soket ɗin ya ɓalle daga katin. Dell ba ta da tsangwama, za ta karɓi Intel 6205 ko Atheros AR9285. Shi AR9285 da sauran dangin ath9k na ciki ba sa buƙatar famwaya sam, su ne za su yi aiki a Trisquel. Amma a kula, Atheros na baya-bayan nan, QCA9377 da QCA6174, dangin ath10k ne, su rufaffen fayil suke nema. Suna ɗaya ba ya nufin hali ɗaya.

Ga inda gizo ke saƙar. ThinkPad T430 tana da jerin katunan da BIOS ya yarda da su. Ka sa baƙo, za ta tsaya da kuskure 1802, ba za ta tashi ba sai ka cire shi. Tsofaffin HP irin 8440p da 8460p ma haka, nasu 104 ne. Sannan 840 G3 ramin M.2 gare ta, katin T430 ko na E6430 ba zai shiga ba, kan eriyar ma ya fi ƙanƙanta. Don haka in za a cika roƙon Alhaji, Dell biyun nan da suka ƙi su ne suka dace da Trisquel: a cire Broadcom, a sa AR9285, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Abin da za a rasa shi ne gudu, AR9285 a zangon 2.4 GHz kaɗai yake aiki, iyakarsa megabit 150 a daƙiƙa.

In na USB za a saya, a yi hattara da TP-Link TL-WN722N. Zubin farko ne mai AR9271. Na biyu da na uku Realtek ne a ciki, kwali iri ɗaya, suna iri ɗaya. Juya shi ka karanta lambar zubin, ko ka jona ka buga lsusb kafin ka biya, kada a yi cinikin biri a sama.

Abu na ƙarshe, wasu E6430 suna da katin hoto na Nvidia NVS 5200M ban da na Intel. Rufaffen direbansa na layin 390 ne, Nvidia ta daina kula da shi, Debian 12 ma ba ta ɗauke da shi. Kada ka wahalar da kanka. Bar shi a kan nouveau, 'yantaccen direban katunan Nvidia, da na Intel, aikin aji ba ya buƙatar fiye da haka, batir ma zai fi jimawa in an ɗauke wuta.

Duk wanda zai sayi laftof don Linux, ya tafi da filash mai Trisquel a aljihu. Tayar da injin da shi a shagon. Abin da ya yi aiki, ba ya jiran rufaffen fayil daga gare ka. Abin da ya ƙi, ka san abin da kake saye.

Malam Nasiru (Gwale)

Madalla, Allah ya biya ku. An duba, BCM43228 ne a duka biyun kamar yadda Usman ya faɗa. Saura abu biyu. Firintar cibiyar HP LaserJet 1020 ce, Debian ta gan ta amma ba ta buga komai. Sannan takardun Word da ake kawowa suna wargajewa a LibreOffice, shafi ɗaya ya koma ɗaya da rabi. Shin waɗannan ma cikin gardamar suke?

Injiniya Hadiza (Zoo Road)

Suna ciki Malam, musamman firintar. LaserJet 1020 da 'yar uwarta 1018 ba sa riƙe famwayarsu, duk kunnawa sai kwamfuta ta tura musu. Shi ya sa ake ganinta a jeri, a tura aiki, ta yi shiru. Ɗora printer-driver-foo2zjs, sannan ka gudanar da sudo getweb 1020 kana kan intanet, ka kashe firintar ka kunna. In fayil ɗin ya shiga za ka ji ta yi ƙugi na ɗan lokaci, fitila na ƙiftawa. Ɗaya hanyar ita ce hplip da umarnin hp-plugin, wanda ke sauko da rufaffen ƙari na HP. Zaɓi ɗaya, kada ka haɗa. Kuma ka jona ta a injin Debian ka raba wa sauran ta netwok, har da na Trisquel. In an tashi sayen sabuwa, a nemi mai IPP Everywhere ko AirPrint, ba ta buƙatar direba.

Takardun kuwa matsalar faɗin haruffa ce. Babu Calibri a injin, sai LibreOffice ta maye gurbinsa da wani mai faɗi daban, layuka su zame. Ba sai ka je contrib neman ttf-mscorefonts-installer ba, shi ma ba ya ɗauke da Calibri. Ɗora fonts-liberation, fonts-crosextra-carlito da fonts-crosextra-caladea, duk a main suke. Liberation ya yi daidai da awon Times New Roman da Arial da Courier New, Carlito da Calibri, Caladea da Cambria. Don haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, DejaVu da Noto suna da su, kuma akwai tsarin madannai na Hausa a cikin saituna. Masu ajami su nemi Alkalami na SIL, wanda aka zana bisa salon rubutun Kano, da 'yantaccen lasisi.

Bidiyo da sauti wani babi ne da ake rikitawa da wannan. VLC da ffmpeg 'yantattu ne, suna main. Abin da ke hana Fedora, wani nau'in Linux, ɗaukar wasu kodek, wato manhajojin kunna bidiyo da sauti, haƙƙin ƙirƙira ne na dokar Amurka, ba rufin tushe ba, shi ya sa masu ita ke zuwa rumbun gefe na RPM Fusion. Na MP3 ya ƙare a 2017. Ubuntu kuma tun farko ta zaɓi sauƙi, tana da restricted da multiverse, tana ma nuna maka direban Nvidia da kanta.

Tunda inji goma sha biyu ne kuma data da tsada, sa apt-cacher-ng a guda ɗaya, ka nuna wa sauran adireshinsa a tashar 3142 cikin /etc/apt/apt.conf.d. Ƙunshi sau ɗaya zai sauko, sauran su ɗiba daga gida.

Alhaji, ranka ya daɗe, akwai wuri ɗaya da ba zan iya bin ka ba, wato maikurokod, famwayar furosesa kansa. Furosesa da nasa yake tashi daga masana'anta, BIOS ya ɗora masa wani, duk rufaffu. Ƙunshin intel-microcode sabon zubi kawai yake lodawa a kowace tayarwa. Tun ɓarakar furosesa ta Spectre a Janairun 2018 ta nan gyare-gyare da yawa ke zuwa, haka Downfall a 2023, wadda ta shafi furosesan Intel daga ƙarni na shida zuwa na sha ɗaya, 840 G3 tana ciki. Linux-libre ba ya loda shi. Wanda ya ƙi ƙunshin bai rabu da rufaffen maikurokod ba, tsoho mai ɓaraka ya zauna da shi, an gudu ba a tsira ba. A inji da yara da yawa ke hawa suna buɗe shafuka iri-iri, ba zan bar wannan ƙofa a buɗe ba. Malam, buga lscpu ka karanta layukan ƙasa, za su gaya maka wace ɓaraka aka toshe, wacce ke jiran maikurokod.

Alhaji Bashir (Fagge)

Na karɓi wannan Injiniya, a kan HP ukun maganarki ce daidai, a bar su a Debian da intel-microcode. Dell biyun ƙarni na uku ne, Downfall ba ta kai gare su ba, amma Spectre ta shafe su. Saboda haka Usman, kafin a goge Windows a kansu, a fara sabunta BIOS zuwa zubin ƙarshe da Dell ta fitar, da caja a jone da batir a cike, kada wuta ta yanke ana tsaka. Sabon maikurokod yakan zo a cikin BIOS ɗin, Trisquel za ta tarar da shi a wurin ba sai ta loda komai ba. A buga grep microcode /proc/cpuinfo kafin sabuntawa da bayanta, a ga ko lambar ta canza.

Malam Nasiru, in an gama, ka gudanar da check-dfsg-status a kowane injin Debian, ka buga sakamakon a takarda ka manna a murfinsa, da sunan katin Wi-Fi ɗin a rubuce a ƙasa. Sannan ka turo mana abin da lscpu ya nuna a Dell biyun, ina so mu kwatanta shi da na T430.